Ni Ce Ta Ƙarshe da Ta Riƙe Makullin Ɗakin Karatu

Aikina kula da ɗakin karatu na makaranta. Ko kuma in ce aikina ne a da, domin yanzu a jerin ma'aikata sunana yana cikin malaman aji, gurbin da na riƙe kuwa an soke shi tun ina zaune a kan kujerar. Abin da ya sa nake ba da wannan labari shi ne, duk lokacin da aka tashi maganar rage kuɗin ilimi, sai a yi ta lissafin albashi da ajujuwa da kujeru, mu masu laburare kuma ba a cika tambayarmu abin da muka gani ba. Ni kuwa na gani, tun daga farko har ƙarshe.

Ban tashi a gidan da ake ajiye littattafai ba. Iyayena suna son karatu, amma littafin da ya wuce wanda aka rubuta a takardar shiga aji ba ya cikin lissafinsu, kuma ban ga laifinsu ba. Sai da na shiga sakandare na fara ganin littattafai jere a kanta, sun fi ƙarfin ƙirgata. Mai kula da ɗakin wani dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, har shugaban makaranta. Ba shi da fara'a sosai, kuma ba ya ɗaukar hayaniya. Amma yana da wata ɗabi'a: idan ka dawo da littafi, ba zai karɓa ya buga hatimi kawai ba. Zai ɗago kai ya ce, "Kin gama? To, ba ni labari." Kina cikin ba shi labarin yana sauraron inda muryarki ta tashi da inda kika yi tsalle kika wuce. Kafin ki rufe baki ya riga ya san wanda zai miƙo miki na gaba. Bai taɓa ba ni maki ba, bai taɓa ce mini wannan ya fi ƙarfinki ba. Idan littafi ya gagare ni na dawo da shi rabi, sai ya ce, "Ajiye shi, 'yata, bai gudu ba," ya ba ni wani.

A lokacin na ɗauka halin mutum ɗaya ne. Sai da na gama kwalejin horon malamai, na koyar na ɗan lokaci, na koma na karanci aikin laburare, sannan na gane cewa abin da Baba yake yi sana'a ce mai ƙa'idoji. A nan na san Ranganathan, wani malamin lissafi ɗan Indiya da ya koma aikin laburare, wanda a 1931 ya tsara dokoki biyar na wannan aiki. Ta farko ita ce an yi littafi ne don a yi amfani da shi. Kowa zai ce ai wannan a bayyane take, amma duk wanda ya taɓa ganin shugaban makaranta ya kulle sababbin littattafai a kabad don kada yara su ɓata su, ya san dalilin da ya sa aka sa ta a gaba. Ta biyu da ta uku su ne na Baba: kowane mai karatu da littafinsa, kowane littafi da mai karatunsa. Na kuma koyi tsarin Dewey na jera littattafai a kanta, wanda ya fito a Amurka a 1876, ya raba ilimin duniya gida goma, daga 000 zuwa 900: kimiyya a 500, adabi a 800, tarihi da labarin ƙasa a 900. Tsarin yana da amfani, amma yana ɗauke da idon wanda ya yi shi. A gidan addini, wato 200, Kiristanci ya cinye mafi yawan lambobi, aka cusa sauran addinan duniya a 290, Musulunci kaf a lamba 297. Ma'aikacin da ya san ɗalibansa dole ya san yadda zai faɗaɗa wa irin wannan lamba wuri a kanta, in ba haka ba sai yaro ya yi ta zagaye bai ga abin da ya zo nema ba.

Makarantar da aka tura ni tana da ɗakin karatu, a takarda. Da aka buɗe mini shi, ƙura ce ta fara tarbata. Gara ta ci kantar da ke jikin bango, rufin yana yoyo daidai kan littattafan tarihi, kwalaye kuma jibge a kusurwa, gudummawa daga ƙasashen waje da ba wanda ya taɓa kwancewa. Mutane suna ɗauka duk littafin da aka ba makaranta kyauta alheri ne. A cikin kwalayen nan na tarar da littattafan likitanci na jami'a, da jagorar na'urorin da aka daina ƙerawa, da taswirar duniya mai ɗauke da Tarayyar Sobiyet shekaru bayan rushewarta a 1991. A tsakiyarsu kuma akwai littattafan labarai masu kyau ƙwarai, waɗanda da ba a zauna an tsince su ɗaya bayan ɗaya ba, da gara ce ta karanta su.

Aikin da ba a gani ke nan, kuma shi ne ya fi cin lokaci. Kowane littafi sai an shigar da shi rajista, an ba shi lamba, an buga masa hatimi, an manna masa lamba a gadon baya, an rubuta masa kati. Wanda ya yage a ɗinke shi, a shafa masa gam, a yi masa sabon bango. Wanda ya tsufa har bayaninsa ya zama ƙarya a cire shi. Wannan na ƙarshe shi ya fi jawo mini rigima, domin a idon mai binciken kaya littafi dukiyar makaranta ne kamar kujera, yawansa ake ƙirgawa. Ni kuma na fi son kanta mai giɓi da kantar da aka cika da abin da zai sa yaro ya rubuta kuskure a jarrabawa. Sai da aka amince in buɗe rajista ta daban ta littattafan da aka cire, da dalilin cire kowanne, sannan muka zauna lafiya.

Bayan ɗaki ya gyaru, na nemi a ba kowane aji lokacin laburare sau ɗaya a mako a jadawali. Na zaɓi wasu ɗalibai na koya musu mayar da littafi mazauninsa da rubuta aro. Na riƙa bin malamai ofis ina tambayar abin da za su koyar a zangon gaba, don in ware musu littattafan tun kafin su nema. Wasu sun ɗauke ni mai katsalandan. Malamin kimiyya kuwa da ya ga ɗalibansa sun fara kawo masa tambayar da ba ta cikin allonsa, shi ya zama babban mai tallata ni.

Akwai wani yaro da ba zan manta ba. Yana aji biyu na sakandare, dogo, mai tsokana, kullum ana koro shi daga aji. Idan an koro shi sai ya shigo wurina, don ɗakin yana da sanyi kuma ba mai bulala. Ya kan ɗauko babban littafi ya buɗe a gabansa, ya daɗe a shafi ɗaya. Na lura idonsa ba ya tafiya a kan layi. Wata rana da ba kowa na ce, "Zo ka taya ni aiki, karanto mini sunayen nan in rubuta." Ya tsaya yana kallon bangon littafin, ya ce, "Malama, idona ke ciwo." Ban ce masa komai ba. Yaron nan ya wuce firamare, ya ci jarrabawar shiga sakandare ko ta wace hanya, amma bai iya haɗa baƙi ba. Tsokanar da yake yi hanya ce ta a kore shi kafin layin karatu ya zo kansa. A aji mai cunkoso malami ba shi da lokacin da zai gano wannan, in ma ya gano ba shi da inda zai zaunar da shi ba tare da ya kunyata shi gaban 'yan'uwansa ba. Ni ina da wuri, ina da lokaci, ina kuma da littattafan ƙananan yara da na ɓoye a bayan tebur. Na ce masa ina son wanda zai duba mini su ko akwai shafin da ya ɓace. Da wannan hujja muka fara. Bai zama haziƙin aji ba, kada in yi muku ƙarya. Amma kafin ya gama makaranta yana karanta takardar jarrabawarsa da kansa, kuma an daina koro shi.

Irinsa suna da yawa fiye da yadda ake zato. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Da na ji wannan adadi ban yi mamaki ba, don na san fuskokinsu.

Ragin kuɗi bai zo mana rana ɗaya ba, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce an rufe laburare. Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda kasafin makaranta yake. Mafi yawansa albashi ne, albashi kuwa ba ya taɓuwa cikin sauƙi. Sai jarrabawa, wadda ranarta ba ta ɗagawa. Sai wuta da ruwa da gyaran da in ba a yi ba gini zai faɗo. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne, a cikinsa kuɗin littattafai yake, kuma shi kaɗai ne idan aka cire ba wanda zai yi ihu a makon. Shekarar farko aka dakatar da jaridu da mujallu. Ta gaba aka ce kuɗin sababbin littattafai a jira zango mai zuwa, zangon da har yau bai zo ba. Mai taimaka mini ta yi ritaya, ba a kawo wata ba. Daga nan ya zama idan na fita ko da zuwa taron malamai ne, sai na kulle ɗaki.

Laburaren da ba a sabunta shi yana mutuwa ne ta wata hanya da baƙo ba zai gane ba. Littattafan da yara suka fi so su ne suke fara ƙarewa, saboda hannu ya yi musu yawa. Waɗanda ba mai taɓawa su ne suke zama garau. Bayan 'yan shekaru sai ka ga kanta cike fal, amma da abin da ba wanda yake so. Sufeto zai shigo ya duba ya ce masha Allah, kuna da littattafai. Yaro zai shigo ya duba ya ce, Malama, ba komai. Yaron ne ya faɗi gaskiya.

Sai ranar da shugaban makaranta ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, kuma ban taɓa ɗaukarsa maƙiyin karatu ba. Ya ce, "Malama, malamai biyu sun tafi, an ce ba za a maye gurbinsu ba. Ina da ajujuwan da ba mai shiga. Ke kuma kina da takardar koyarwa." Na ce, "Ranka ya daɗe, idan na shiga aji, wa zai buɗe ɗakin?" Ya ce, "Ki riƙa buɗewa lokacin tara da bayan an tashi. Ai littattafan suna nan, ba inda za su." Na gane matsin da yake ciki. Aji ba malami abu ne da iyaye za su gani gobe da safe, laburare a kulle kuwa sai bayan shekaru a ga abin da ya haifar, kuma ko an gani ba za a danganta shi da kullewar ba. Duk da haka na gaya masa, kuma har yau ina kan bakata, cewa ɗakin littafi ba mai kula da shi rijiya ce ba guga. Ruwan yana nan, yaro yana tsaye a baki da ƙishirwa.

Na kawo masa hujjojin da na sani. A 1999 hukumar UNESCO da ƙungiyar laburare ta duniya, IFLA, sun fitar da matsaya a kan ɗakin karatun makaranta, inda suka ce dole ne a ba shi isasshen kuɗi mai ɗorewa, kuma a jerin abin da za a kashe wa kuɗin, ma'aikaci mai horo yana nan tare da littattafai da kayan aiki. Na gaya masa binciken da Keith Curry Lance ya jagoranta a jihar Kolorado ta Amurka, wanda ya fito a 1993, aka kuma maimaita irinsa a jihohi da dama, ya nuna makarantun da ke da laburare mai kayan aiki da ma'aikata sun fi samun sakamako mai kyau a jarrabawar karatu, ko da an yi la'akari da talaucin yankin. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Duk na yarda. Amma ba ni nake rubuta kasafin ba." Gaskiya ya faɗa. A taron ilimi na 2015 da aka yi a birnin Incheon na Koriya ta Kudu, ƙasashen duniya sun amince su riƙa ba ilimi kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da gwamnati take kashewa, ko kashi 4 zuwa 6 na arzikin ƙasa. Inda aka kasa cika wannan, giɓin yana gangarowa daga ma'aikata zuwa hukuma, daga hukuma zuwa shugaban makaranta, shi kuma ya duba wanda cire shi bai da ƙara.

Da farko na ɗauka wannan ciwon ƙasashe marasa ƙarfi ne. Ashe ba haka ba ne. A birnin Filadelfiya na Amurka, makarantun gwamnati suna da masu laburare sama da 170 a farkon shekarun 1990, daga baya suka koma ƙasa da 10, ga makarantu sama da 200. A 2023 hukumar makarantun birnin Houston, shi ma a Amurka, ta cire masu laburare daga makarantu 28, aka mayar da ɗakunan wurin da har ɗaliban da aka fitar daga aji ake kaiwa. A Ingila kuwa abokan aikinmu sun daɗe suna kukan cewa doka ta wajabta laburare a gidan yari amma ba ta wajabta shi a makaranta ba. Ashe ko inda kuɗi yake, mai laburare yana cikin na farkon da ake sallama.

Hujjar da ta fi ba ni haushi ita ce ta waya. A wani taro wani babba ya ɗaga wayarsa ya ce, "Yanzu ai laburare yana aljihun kowa." Na yi shiru don girmansa, amma ga amsata. Ba kowane yaro ke da waya ba, wanda yake da ita kuma ba littafi yake karantawa a ciki ba. Na biyu, yawan bayani bai rage buƙatar mai jagora ba, ƙara ta ya yi. A lokacin laburare nakan ba yara labari ɗaya daga wurare biyu, in ce su gano wa ya rubuta, yaushe, me yake so su yarda da shi, ina ya samo. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, muka dawo na tarar da ɗalibai ɗauke da magunguna da labaran ƙarya iri-iri da suka kwaso a Facebook da WhatsApp, kowanne yana rantsuwa ya gani da idonsa. Yanzu kuma ga manhajojin da ke rubuta wa yaro aikin gida cikin daƙiƙa, su kawo masa sunan littafin da ba a taɓa bugawa ba, shi kuma ya kwafa da zuciya ɗaya. Koyar da yadda ake tantance bayani ba ya cikin darasin lissafi, ba ya cikin na kimiyya. A laburare yake, kuma shi aka cire daga jadawali daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Na koma aji. Na yi ƙoƙarin buɗe ɗakin lokacin tara kamar yadda aka ce, amma malamar da ta fito daga darasi da tarin littattafan gyara a hannu, minti nawa take da shi? Yara su yi layi, ƙararrawa ta kaɗa, rabinsu su koma hannu wofi. Lokacin jarrabawa aka ari ɗakin, aka tura kantoci bango, aka jera tebura. Bayan jarrabawa ba a mayar ba. Makullin da yake hannuna ni kaɗai aka yi masa kwafi, ya bi hannu da yawa, littattafai suka fara tafiya ba rajista. Ba sata ba ce duka, yawanci aro ne da ba wanda ya rubuta, don haka ba wanda ya bibiya. Da ɗalibai suka ƙaru aka raba ɗakin biyu da katako, rabi ya zama aji. A takardar shekara ta gaba na duba jerin gurabe, na ga layina babu.

Ban zauna na naɗe hannu ba. Na tsince littattafan da suka fi karɓuwa na zuba a akwatuna, kowane aji akwati ɗaya da ƙaramar rajista, ana musanyawa tsakanin ajujuwa duk bayan 'yan makonni. Tsofaffin ɗalibai sun haɗa mana wasu littattafai, kuma wannan karon na rubuta musu jerin abin da muke so, don kada a sake cika mu da kwalaye. Yana aiki gwargwadon hali, amma kada wani ya ɗauki wannan ya ce to ga mafita, ashe ba a buƙatar mai laburare. Akwati yana hidima ne ga yaron da ya riga ya san yana son karatu. Wanda yake ɓoye rashin iyawarsa ba zai taɓa miƙa hannu cikin akwati a gaban 'yan ajinsu ba. A yanzu haka na san akwai irin dogon yaron nan a makarantarmu, wataƙila ma a ajina, amma idan aka koro shi, bayan aji yake zuwa ya tsaya.

Idan da za a ba ni dama in zauna da masu rubuta kasafi, ba zan roƙi sabon gini ba. An fi son gini, domin ana ɗaukar hotonsa, ana yanka masa ƙyalle. Zan ce a ba littattafai layinsu na kansu, komai ƙanƙantarsa, wanda ba a karkatar da shi zuwa wani abu, domin kaɗan duk shekara ya fi tuli sau ɗaya a shekara goma. Zan ce idan makaranta ɗaya ba za ta iya riƙe ma'aikaci ba, a haɗa makarantu biyu ko uku su raba ɗaya mai horo, ya san ranar da yake kowace. Kuma idan dole sai malamin aji ne zai riƙe, to a rage masa darussa a rubuce, a tura shi bita, kada a liƙa masa a baki a ce "ki haɗa da laburare" kamar ana ba shi ajiyar tsintsiya.

Kwanakin baya wata tsohuwar ɗalibata, cikin waɗanda na koya wa rubuta kati, ta zo gaishe ni. Ta ce, "Malama, ina so in karanci aikin laburare, me kika gani?" Na ce mata ta karanta, amma ta haɗa da takardar koyarwa, domin da ita za a ɗauke ta aiki. Na ce ta koyi manhajar kwamfuta ta tsara littattafai, akwai ta kyauta irin Koha, ba sai an jira kasafi ba. Kuma ranar da za ta karɓi aiki, kafin ta tambayi yawan littattafai, ta nemi a nuna mata jadawali ta ga ko an rubuta lokacin laburare a ciki, da kuma darasi nawa aka ɗora mata a mako.